Jikan Mati Mai Taba

Baba Dabo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma a shekara hamsin da biyu da na yi a duniya ban taɓa jin an kira gidansa da sunansa ba. Gidan Baƙo ake cewa. A Kwarin Gawo aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa ne kawai ya zo daga wani wuri, amma mu mutanen Kwarin Gawo ba mu iya mantuwa da irin wannan ba. Mukan manta ranar rigakafi, mu manta inda muka ajiye katin zaɓe, amma ka tambayi yaro ɗan shekara bakwai wane ne ba ɗan asalin gari ba, yanzu zai nuna maka ƙofar. Ni da nake wannan surutu haka na tashi ina faɗa. Shekara ashirin da bakwai ina koyarwa a firamaren garinmu, ban taɓa gyara wa ɗalibi ko ɗaya ba.

Kakan nasa Mati sunansa. Ya iso garin nan 'yan shekaru bayan Turawa sun shiga Kano, shi kaɗai, da tabarma a kafaɗa da wata 'yar batta ta fata a aljihu. Mai garin lokacin, wanda kakan mahaifina ne, ya ba shi wani zirin fili a bakin rafi, wurin da kowa ya ƙi saboda ruwa na cinye shi duk damina. Har yau mukan ba da labarin nan da alfahari, kai ka ce kyautar doki aka yi masa. Mati ya jira ruwa ya janye, ya buɗe battarsa, ya gauraya abin da ke ciki da toka, ya yayyafa a fangali. Irin taba ne. Kafin shekara biyar matan ƙauyukan nan har Tsanyawa sun san furensa da suke goga wa haƙora in sun ci goro, tsofaffi kuma sun san garin tabarsa. In an tambaye shi daga ina ya fito, sai ya tura baki wajen gabas ya ci gaba da aikinsa. Har ya mutu bai ƙara kalma ɗaya a kan haka ba.

Bayan taba, abu ɗaya ya bari. Ranar sunan ɗansa ya zaunar da wanzami, ya juya masa fuskarsa dama da hagu, ya ce, "Irin wannan za ka yi masa, kada ka rage komai." Doguwar tsaga ɗaya a kowane kunci, gajeru uku a gefen kowane ido, sai wata 'yar ƙarama a gindin kunnen hagu wadda sai ka matso za ka gan ta. Ɗan ya girma, shi ma ya sa aka yi wa nasa ɗan, wato Baba Dabo. Duk faɗin ƙasarmu babu mai irin wannan zane sai su.

Gidan bai yaɗu ba. Mati ɗa ɗaya ya haifa. Ɗan ya auri 'yar wasu Fulani da suka ɗan zauna a bayan gari, ta haifi Dabo, danginta suka yi kudu da shanunsu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Dabo ya auri Sauda, Allah ya ba su haihuwa uku, ya karɓe ukun tun kafin yaye. Haka suka tsufa su biyu a gidan da zai ɗauki mutum goma sha biyar.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Ga taurin kai, ga ƙarancin magana, in ka gaishe shi sau biyu a rana ɗaya sai ya dube ka kamar ka zo roƙo. Kowa a bakin rafi ya koma albasa da tumatir, kowa ya sayi injin ban ruwa, shi yana nan da gugansa da fangali shida na taba. Malamai sun yi wa'azi a kansa ba tare da ambaton suna ba, kowa ya juya yana kallonsa a masallaci, bai ko ɗaga kai ba. Abin da ya fi ba ni haushi, shi kansa bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Amma in ka ga yadda yake bin shukar nan ɗaya bayan ɗaya yana karye mata kai don ganye ya yi faɗi, yana barin guda ɗaya a kowane fangali ta yi fure saboda iri, ya ɗaura mata tsumma don kada wani ya taɓa, sai ka rasa abin cewa. A zaure yake rataye ganyen, a inuwa, bai yarda rana ta gan shi ba. Warin kan tsallako katanga, matata Huseina ta yi ta atishawa tana mita.

Na taɓa ce masa, "Baba, wai wa ke sayen abin nan yanzu?"

Ya ce, "Tsofaffi uku a kasuwar Tsanyawa."

"In sun mutu fa?"

"Sai in bi su."

Shekara uku ke nan da Sauda ta rasu. A garinmu in an yi mutuwa, maza na jinin mamaci su ke zama a babbar tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya zo ya durƙusa gabansu ya ce musu ya haƙuri. Maƙwabta da abokai a gefe suke zama. 'Yan'uwan Sauda suka shimfiɗa tasu tabarmar a ƙofar gidan ubansu can ƙarshen gari, jama'a ta fi yawa a can. Baba Dabo ya zauna shi kaɗai a kan tabarmar da mutum goma za su zauna su miƙe ƙafa. Kwana uku ina kallonsa daga gefe, ya zama ɗan ƙarami a tsakiyarta, har na riƙa kawar da kai.

Ranar uku bayan la'asar ina taya shi naɗe tabarmin ya ce, "Malam Abdulhadi, yau ni na zauna. Ranar tawa wa zai zauna?"

Na ce, "Haba Baba, ni ina zan je? Ni zan zauna."

Ya ce, "Za ka zauna, na sani. Amma kai Allah ya ba da ladan maƙwabtaka za a ce maka. Ba za a ce maka ya haƙuri ba."

Raina ya sosu, don gaskiya ya faɗa kuma ba na son gaskiyar. Na ce mamaci ina ruwansa da wanda ya zauna a ƙofar gida, addu'a ce ke isa gare shi. Ya ce ya san wannan tun kafin a haife ni. Ya ce shi dai yana so ranar da ya tafi a samu mutum ɗaya a duniya da za a kalla a ce an yi masa rashi. Mati ba daga rami ya fito ba, in ji shi, yana da uwa da uba, iyayen nan suna da wasu 'ya'ya, 'ya'yan sun hayayyafa. Suna nan wani wuri da irin fuskarsa, kuma zai nemo su.

Ya fara da tsohon wanzamin kasuwar Tsanyawa, Ɗanliti, wanda ya gaji aska daga kakanni. Ɗanliti ya kama masa haɓa ya juya shi kamar mai sayen akuya, ya ce shi bai taɓa yin irin wannan ba, ubansa ma bai yi ba, amma gajerun nan na gefen ido hannun wanzaman gabas da birni ne. Gabas da birni kuwa ƙasa ce ba ƙarama ba. Daga nan Baba Dabo ya shiga bin kasuwanni. Mutumin da bai taɓa wuce Bichi ba sai ga shi yana hawa bas ranar kasuwar wannan gari da wancan, ba ya saye ba ya sayarwa, sai dai ya tsaya a rumfar tsofaffi yana duban fuskoki. Matasa ba su da amfani a wurinsa, don yanzu an daina zane, fuskokinsu a shafe suke. A wata kasuwa an ɗauka mahaukaci ne, a wata an ɗauka ɗan leƙen asirin ɓarayin shanu ne, sai da direban bas ya shaide shi. Yakan dawo gab da magariba ƙafa a kumbure, Huseina ta aika masa da tuwo, ya dawo da rabi. Wata takwas yana wannan.

Ni ne na gaji da ganinsa haka. Wata safiya na same shi a bakin rafi na ce ya tsaya in ɗauke shi hoto. Ya ce shi ba ɗan takara ba ne. Na ce in bai tsaya ba zan daina shiga maganarsa har abada. Ya tsaya, fuska a murtuke. Na ɗauki gaba, na ɗauki gefe da gefe, na tura a zauren malaman firamare da muke da shi a waya, na rubuta cewa duk wanda ya san gidan da ke da wannan zane ya taimaka. Malaman makaranta kuwa, Allah ya shirye mu. Wani ya tambaya ko tsohon ya ɓata ne, wani ya ce ko mata yake nema. Na yi fushi na kashe wayar. Bayan kwana tara wani malami daga ɓangaren Gezawa, wanda ban taɓa gani ba, ya kira ni ya ce surukinsa, Malam Sama'ilu na Rijiyar Ɗinya, wannan fuskar ce da shi sak. Ya turo hoto.

Na kai wa Baba Dabo. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya nesanta ta, ya matso da ita. Wani dattijo ne da farin gemu zaune a kan buzu, doguwar tsaga a kowane kunci, gajeru uku a gefen ido. Baba Dabo ya daɗe yana kallo har fuskar wayar ta yi duhu, ya ce in maido masa da shi. Sau huɗu ina maidowa. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai ranar, kuma na ji daɗi har na manta ina jin haushinsa.

Muka tafi ranar Asabar. Ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya sa turare. Ya cika battar Mati da irin taba na bana, ya ce tsarabar da ta dace da 'yan'uwa ke nan. Bas daga Tsanyawa zuwa birni, wata daga birni zuwa Gezawa, sai babur zuwa Rijiyar Ɗinya, mu biyu a bayan ɗan acaɓa, Baba Dabo na riƙe da hularsa da hannu ɗaya. Tun a hanya yake lissafa abin da zai tambaya: sunan uban Mati, sunan uwarsa, me ya raba shi da gida, ko akwai kabarin da za a nuna masa.

An riga an sanar da zuwanmu. Malam Sama'ilu ya fito har bakin hanya. Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu, sai Malam Sama'ilu ya yi salati ya kama hannunsa ya ƙi saki. "Ɗan'uwa, ina ka shiga haka?" Gida ne babba, sassa sun fi goma, yara kamar an zubo su. Dattawa uku suka fito, duk da zanen nan. Aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka kawo fura, na ji kukan kaza a cikin gida na san an gama da ita. Baba Dabo yana zaune a tsakiyarsu yana juya kai dama da hagu, duk inda ya duba fuskarsa yake gani. Ya ba su labarin Mati, da rafi, da taba. Suka yi ta jinjina kai, amma babu wanda ya san sunan. Malam Sama'ilu ya ce ba komai, akwai yayarsu Juwairiyya, ta haura tamanin da biyar, ita ta zauna da kakarsu, duk tarihin gidan yana kanta.

Aka shiga da mu. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarmar kaba, idanunta sun yi fari, carbi a hannu. Ta amsa gaisuwa ta ce baƙon ya matso. Ta sa yatsu a fuskarsa tana bin tsagar nan a hankali, kunci, gefen ido, ɗaya kuncin. Ta ce, "Namu ne." Baba Dabo ya sauke numfashi. Amma hannunta bai tsaya ba, ya zarce bayan kunci zuwa gindin kunnen hagu, ya tsaya a nan. Ta shafa, ta sake shafawa.

Ta ce, "Wa ka ce sunan kakanka?"

"Mati."

"Mati mai taba." Ta janye hannunta. "Ashe ya rayu."

Malam Sama'ilu ya ce, "Yaya, kin san shi ke nan? Ɗan wane ɗaki ne?"

Ta ce, "Sama'ilu, taɓa gindin kunnenka." Ya taɓa. "Akwai wani abu?" Ya ce babu. Ta ce, "To shi akwai. 'Ya'yan gida ba a yi musu wannan. Waɗanda aka sayo ake ƙara wa, don a bambance."

Malam Sama'ilu ya ce, "Yaya, don Allah, abin da ya wuce..."

Ta ce, "Mutumin nan gaskiya ya zo nema ko tuwo?"

Baba Dabo ya ce, "Ki faɗa, Inna."

Ta faɗa, ba ta ƙara ba ta rage ba, yadda kakarsu ta faɗa mata. Fatake ne suka zo da shi daga kudu yana yaro, ko famfara bai yi ba, ba ya jin Hausa. Kakan kakansu ya saye shi, aka yi masa zanen gida, aka sa masa suna Mati don ba wanda ya iya faɗin nasa. Shi ya tashi a gonar taba ta gidan, shi ya san ta. Da Turawa suka zo aka ce wanda ke son tafiya ya tafi, ya ƙara shekara biyu ko uku bai ce komai ba. Wata safiya aka duba babu shi, babu battar iri. Daga shekarar ba a sake noman taba a gidan ba, don babu wanda ya iya.

Baba Dabo ya ce, "To daga wane gari fataken suka ɗauko shi?"

Ta ce, "Ɗana, wannan sai Allah. Ina jin shi kansa bai sani ba."

An kawo kazar. Malam Sama'ilu ya yi ta cewa ai duk ɗaya ne, ai zama ya zama zumunci, ai yanzu babu wannan magana. Mutumin kirki ne, kunya ta kama shi har gumi yake. Amma na lura ya daina cewa ɗan'uwa, ya koma cewa Malam Dabo, kuma na tabbata bai san ya canza ba. Baba Dabo ya ci loma biyu don kada a ce ya ƙi abinci, ya yi godiya, ya yi addu'a ga gidan. Battar ba ta fito daga aljihunsa ba.

A bas ɗin dawowa ya juya fuska wajen taga har muka wuce birni. Ni kuwa ina ta tafasa, na rasa wa zan zaga: tsohuwar, ko fataken da suka zama ƙasa, ko ni da na ɗauki hoto. Wajen Bichi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya san ma'anarta, Malam. Ya san ma'anar 'yar ƙaramar nan, amma ya ce kada a rage komai." Na ce watakila ita kaɗai ce shaidar da yake da ita. Ya ce, "Watakila." Can kuma ya ce, "Kada ka faɗa a gari." Ban faɗa ba, ko Huseina ban gaya wa ba, ni da ba na iya riƙe magana kwana biyu. Yanzu ma da nake rubutawa sai da na je Rijiyar Ɗinya na nemi izini, na kuma yi ta juya abin a raina wata da watanni.

Mutanen gari sun tambaye shi ya hanya, ya ce ba a dace ba. Ya daina bin kasuwanni. Ya ci gaba da zuwa bakin rafi, amma fangali shida suka koma biyu, biyun ma na ga ciyawa a ciki, abin da ban taɓa gani ba. Ya fara yafa mayafi a kai ko ana zafi, yana rufe kunnuwa. Da yamma nakan leƙa in same shi zaune a zaure ƙarƙashin ganyen da ya rataye, ba rediyo ba carbi, yana kallon ƙofa. Nakan zauna in yi ta zuba masa labarin makaranta, in tsokane shi ko zai yi mini tsawa kamar da. Bai yi ba. Na yi kewar tsawar nan ƙwarai, kuma tausayinsa ya hana ni sakat.

Ya rasu a tsakiyar daminar bara, ranar Talata da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar. Ni da liman muka yi masa wanka. Da na zo gindin kunnensa na hagu sai da na dakata, liman ya ce mene ne, na ce ba komai.

Na shimfiɗa babbar tabarmar a ƙofar gidansa na zauna a kai, kamar yadda na yi alkawari. Lokacin noma ne, mutane na zuwa da fartanya a kafaɗa su tsaya a tsaye. "Malam, Allah ya ba da ladan maƙwabtaka." "Malam, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka." Wani ma cewa ya yi, "Gidan Baƙo ya rufe ke nan." Na ji kamar in tashi in shaƙe shi, sai na tuna sau nawa na faɗi sunan nan da bakina. Duk wanda ya zo abin da Baba Dabo ya ce za a faɗa shi yake faɗa, ko mutum ɗaya bai yi kuskure ba. Ranar farko da yamma na kira malamin nan na Gezawa na ce ya sanar da surukinsa. Don sauke nauyi na yi, ban sa rai da komai ba.

Ranar sadakar uku jama'a ta taru da safe, don ranar kowa yakan daure ya zo kafin ya wuce gona. An yi ruwa da asuba, hanya ta caɓe. Ana cikin raba gumba sai ga babur ya tsaya, wani dattijo ya sauko, bakin rigarsa duk laka. Malam Sama'ilu ne, shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi ya nufo ni, yana shirin durƙusawa ya yi mini gaisuwa kamar kowa.

Liman ne ya fara ganin fuskarsa. Ya miƙe tsaye ya ce, "La ilaha illallahu! Ashe Dabo yana da 'yan'uwa!" Kowa ya juyo. Doguwar tsaga a kowane kunci, gajeru uku a gefen ido. A garinmu babu wanda ya taɓa matsawa kusa da Baba Dabo har ya san akwai wani abu a gindin kunnensa, balle ya lura babu shi a nan. Kafin baƙon ya buɗe baki liman ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar tabarma, ya ce mini, "Malam, matsa wa mai rashi." Na matsa.

Mai gari ne ya fara durƙusawa a gabansa. "Ya haƙuri?"

Malam Sama'ilu ya dube ni. Ni kaɗai ne a wurin na san abin da ya sani, kuma ban taimake shi ba, na zuba masa ido kawai. Na ga hannunsa ya tashi ya taɓa gindin kunnensa, ya sauko. Mai gari yana durƙushe yana jira, bayansa mutane sun fara jeruwa.

Malam Sama'ilu ya ce, "Haƙuri da godiya."

"Ya kuke da marigayi?"

Ya ce, "Yayana ne."

Daga nan aka yi ta zuwa. Tsofaffi, matasa, masu fartanya da suka riga suka kama hanyar gona suka dawo, har wanda ya ce gidan ya rufe. Ya haƙuri, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri. Wajen mutum na ashirin na ga hawaye na bin tsagar kuncinsa yana shiga gemu, bai share ba. Ban san wa yake yi wa kukan ba, kuma ban tambaye shi ba.

Na tashi daga gefen tabarmar na koma ƙarshen layi. Da aka zo kaina na durƙusa a gabansa.

"Baba, ya haƙuri?"

Ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce, "Da godiya, Malam."

Da rigar jikinsa kaɗai ya zo, da niyyar juyawa kafin azahar. Huseina ta wanke masa ita, na ba shi aron tawa. Ya kwana huɗu a ɗakin Baba Dabo, kullum da safe ya fito ya zauna a tsakiyar tabarmar, har aka yi bakwai.